Kunne ko ido? Muhawara kan sauraron littattafan tarihi, laifi, kimiyya da wasanni

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya kwana biyu yana cina, yau dai na ce bari in fito da shi in ji ta bakinku. Shekara biyu ke nan da na koma sauraron littattafai a waya maimakon karantawa, kuma ba na ƙagaggun labarai ba, na abin da ya faru da gaske: tarihi, binciken laifuka, kimiyya, jefi-jefi wasanni. Makon jiya na gama wani a kan yadda Daular Usmaniyya ta ci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453. Mai karantawar gwani ne. Da ya zo wurin da Sarki Muhammadu na Biyu, yana ɗan shekara 21, ya tarar Rumawa sun datse bakin mashigin ruwa da ƙatuwar sarƙa, sai ya sa aka ja jiragen ruwa wajen 70 ta kan tudu bisa katakon da aka shafe da mai, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Amma shekaranjiya ina ba ɗana labarin, sai ya ce, "Baba, daga ina aka ja jiragen, zuwa ina?" Na rasa amsa. Na san an ja su, na san ranar da birnin ya faɗi, 29 ga Mayu, amma ban san yadda wurin yake ba. Da na takarda ne, da taswira tana nan a shafin farko. Tun daga ranar nake zargin ko kunne ruɗina yake yi: in tashi ina jin na san abu, alhali daɗin labarin kawai na kwasa. Ku da kuke saurare, haka abin yake a wurinku?

Abba:
Wa alaikumus salam Malam. Ai tun da can aka ce gani ya kori ji. Amma ni a nawa ɓangaren na wasanni ban taɓa jin na yi asarar komai ba.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Abba, bakin da ya ce gani ya kori ji shi ne kuma ya ce kunne ya girmi kaka, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Malam Habibu, ni ba zaɓi na yi ba. Shekara 6 ke nan idona ya yi rauni, ko da tabarau ba na bin layi biyu sai rubutun ya cakuɗe. Na yi shekara 30 ina koyarwa, littafi ne abokin hirata, sai aka wayi gari an raba mu. Jikata ce ta saka min manhajar sauraron littattafai, ita ce ma take rubuta wannan da nake faɗa. Kuma ku sani, don irinmu aka fara yin abin nan. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, shekara guda bayan nan da ya lissafa amfanin da za a iya yi da ita, har da littattafan da za su riƙa magana da makafi. A shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai a Amurka da Ingila, kuma a Ingila sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya suna cikin waɗanda aka yi domin su. Masu ido daga baya suka shigo. To idan aka ce wanda ya saurara bai karanta ba, an ce da ni shekara 6 ban ƙaru da komai ba ke nan. Ni kuwa na san abin da na samu.

Malam Habibu:
Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ba can na nufa ba. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa jikar tamu albarka. Ban ce sauraro ba karatu ba ne. Abin da nake tambaya shi ne: wane irin sani ne yake shiga ta kunne ya zauna, wane iri ne yake zubewa a hanya?

Alhaji Sale:
Ni direban babbar mota ne, wata rana sai in yi awa 9 a kan sitiyari. Da rediyo nake bi, in tasha ta ɓace in zauna shiru da barci yana fizgata. Yanzu littafin tarihi nake sawa a lasifikar mota, ba na toshe kunne saboda hanya. Malam, abin da na lura da shi shi ne, dalili yana zama, wuri ne ba ya zama. Misali yaƙin Adwa, 1 ga Maris 1896, da Habasha ta murƙushe Italiya. Har gobe ina iya faɗa maka mafarinsa: yarjejeniyar da suka ƙulla a 1889 aka rubuta da harshe biyu. A na Amhariyanci an ce Sarki Menelik yana iya bi ta hannun Italiya in yana son hulɗa da ƙasashen waje, a na Italiyanci kuwa an ce dole ne ya bi. Kalma ɗaya ke nan ta mai da ƙasa 'yantacciya 'yar amshin shata a takarda. Wannan ba ya buƙatar taswira, sau ɗaya na ji ya zauna. Amma da aka zo wane janar ya bi ta wane dutse, sai na bar shi ya wuce.

Mus'ab:
Alhaji, su ma Italiyawan taswirar ce ta ci su. Cikin dare suka taso, taswirar hannunsu ba daidai ba ce, rundunoninsu suka rabu da juna a cikin duwatsu, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Sale:
Haka aka yi kuwa, ka tuna min.

Dakta Umaima:
Ni kimiyya na fi saurare, kuma a ganina littattafan kimiyya iri biyu ne. Akwai masu ba da labarin yadda aka gano abu, akwai masu bayanin abin kansa. Na farkon kamar don kunne aka yi su. Ku ɗauki Ignaz Semmelweis, likita a babban asibitin Vienna. Ya lura mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa, fiye da ɗakin ungozomomi. Me ya bambanta su? Likitocin daga ɗakin feɗe gawa suke fitowa su shiga wurin masu naƙuda ba tare da sun tsabtace hannu yadda ya kamata ba. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko kusan kashi 2 a watan Yuni. Duk da haka manyan likitocin zamaninsa suka ƙi shi, ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali. Na karanta wannan a makaranta a layi uku, na ci jarrabawa na manta. Da na ji shi a bakin mai karatu, ina tsaye a bakin famfo sai da na daɗe ina kallon hannuna.

Amma iri na biyun, inda ake cewa duba jadawali na 4, ko a karanto maka lissafi harafi bayan harafi, wannan azaba ce. Na taɓa ɗaukar wani a kan ƙwayoyin gado, ban wuce babi na uku ba na koma na takarda.

Sai dai Malam Habibu, abin da ya fi taswira damuna daban ne. Murya tana sa a yarda. Idan mutum mai nutsattsiyar murya ya faɗi abu cikin kunnenka ba tare da in'ina ba, zuciyarka ba ta tsayawa ta ce ina hujja. Ga misali: labarin likita John Snow da kwalarar Landan ta 1854. Yadda aka saba bayar da shi, ya gano famfon da ke kashe mutane a titin Broad, aka cire hannun famfon, annoba ta tsaya cak. Gaskiyar ita ce cutar ta riga ta fara ja baya kafin a cire hannun, domin mutanen unguwar da yawa sun gudu, kuma shi kansa Snow ya faɗi haka. Aikinsa bai ragu da komai ba, amma irin wannan gyaran sau da yawa a hashiya yake ɓuya, hashiya kuwa ba a cika karanta ta a littafin sauraro ba.

Mus'ab:
Dakta, a nan kam ban bi ki ba. Mutum nawa ne masu karatun takarda suke juyawa baya su duba hashiya? Ni dai na yi shekaru ina karatu da ido, kuma sai in ce yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga lokutan da na bi manazartar marubuci na tantance. Yarda da marubuci ba kunne ya kawo ta ba. Buga abu a takarda ma yana sa mutane su ɗauka wahayi ne.

Dakta Umaima:
Gaskiya ne, amma mai takarda ƙofar tana nan ko bai buɗe ba. Ranar da abu ya yi masa wani iri, sai ya ga 'yar lambar nan a saman kalma ya bi ta. Mai sauraro bai ma san akwai ƙofar ba. Sannan ido yana tsayawa da kansa idan ya ci karo da abin mamaki. Murya ba ta jiranka, kafin ka gama cewa anya, ta shiga wata maganar.

Mus'ab:
Akwai maɓallin komawa baya daƙiƙa 30.

Alhaji Sale:
Ba a kan sitiyari ba ɗana.

Hajiya Rabi:
Umaima ta taɓo abu. Da muna gaban malami muna ɗaukar karatu, ai da kunne muke ɗauka, amma kana iya cewa Allah gafarta malam a maimaita, ko ka ce wa ya faɗi wannan. Abin da babu a nan ke nan. Ni dabarata, ba na wuce babi ɗaya a zama guda. In ya ƙare sai in kashe, in ba kaina labarin abin da na ji da bakina. Inda na kakare, nan ne ban fahimta ba, sai in sa a mayar min. Ya fi jinkiri, amma ba gudu nake da kowa ba.

Nafisa:
Mama wannan dabarar zan ara. Ni kuma na laifuka ne suka kama ni, har na kai ba na iya wanke-wanke sai da su a kunne. Su kam ba taswira ba jadawali, labari ne zalla, shi ya sa suka fi kowane iri dacewa da sauraro. Amma watanni uku ke nan na rage, kuma dalilin ba tsoro ba ne. Wata rana na gama wani a kan kashe-kashen Whitechapel na Landan a 1888. Awanni ana ta wane ne ya yi, likita ne, mahauci ne, wane ne. Da na gama sai na tarar na haddace laƙabin makashin da sunayen waɗanda ake zargi, amma matan nan biyar ban riƙe sunan ko ɗaya ba. Na koma na nemo su: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes, Mary Jane Kelly. Talakawa ne, wasunsu iyaye ne masu 'ya'ya. A littafin kuwa ba su fito ba sai a matsayin gawa. Abin ya tsaya min a rai. Na ji kamar ina shan daɗi da mutuwar mutane.

Barista Kabiru:
Nafisa, abin da kika ji daidai ne, kuma akwai wani gefen da aikina ya sa nake gani. Mai karanta littafin laifi yakan yanke hukunci da muryarsa tun kafin hujja ta zo. Idan ya zo kan maganar wanda ake zargi sai ya shaƙe murya, ya ja kalma, kai kuma nan take ka tsane shi. A kotu da lauya zai yi haka da sai a taka masa birki. A takarda kalmomin mutumin suna nan fili, kai za ka sa musu murya.

Amma ba zan ce a daina ba, domin akwai masu kyau ƙwarai. Wanda ya fi burge ni shi ne na shari'ar farko da aka kama mai kisa da gwajin DNA, wato gwajin ƙwayoyin gado. A yankin Leicestershire na Ingila aka kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, har ya amsa cewa shi ya yi na biyun. Sai suka kai samfur wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda ya gano hanyar gwajin a 1984, don ya tabbatar musu yaron ne ya yi duka biyun. Sakamako ya fito: mutum ɗaya ne ya yi duka, amma ba yaron ba ne. Ku lura, aikin farko da DNA ya yi a binciken kisa shi ne wanke wanda ya riga ya amsa laifi da bakinsa. Daga nan aka ɗibi jinin maza wajen 5,000. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa, asiri bai tonu ba sai da aka ji abokin yana ba da labari. A 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Duk wanda ya saurari wannan da kyau ba zai sake cewa ai ya amsa da bakinsa, magana ta ƙare ba.

Nafisa:
Barista, to yaya mutum zai gane mai kyau tun kafin ya yi nisa?

Barista Kabiru:
Ki saurari awa ta farko ki ga wa aka ba lokaci. In marubucin yana faɗin inda ya samo magana, wannan daga takardun kotu, wannan daga bakin ɗan sandan da ya yi binciken, wannan kuma zato ne nawa, to ki ci gaba. In kuwa yana faɗa miki abin da mamaciya take tunani a daƙiƙarta ta ƙarshe, ki tambayi kanki wa ya gaya masa.

Hajiya Rabi:
Kuma a riƙa tunawa waɗansu iyayen suna raye. Ni na zamanin nan ba na iya saurare.

Mus'ab:
Ni a ɓangaren laifi na damfara na fi so, ba jini kuma akwai amfani. Charles Ponzi a Boston, 1920, ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, yana cewa cinikin takardun amsa wasiƙa na ƙasa da ƙasa yake yi. Ba cinikin da yake yi, kuɗin sababbin shiga yake ba waɗanda suka riga su. Shekara 88 bayan nan, a Disambar 2008, aka kama Bernard Madoff a New York da dabarar nan dai, sai dai shi bai yi alkawarin riba mai yawa ba, 'yar daidai ce wadda ba ta taɓa faɗuwa ko kasuwa ta faɗi, shi ya sa har manyan bankuna suka rufta. An yanke masa ɗaurin shekara 150. Ban fi wata biyu da gama sauraron wannan ba wani na kusa da ni ya zo min da wata harka ta intanet, riba kowane mako, ga shaida a wayarsa. Tambaya ɗaya na yi masa: me suke sayarwa da yake kawo ribar? Ya kasa faɗa. Ban shiga ba, na roƙe shi ya fita bai ji ba, kuma abin ya rufe da kuɗinsa. Har yau ina jin ciwon ban iya shawo kansa ba.

Alhaji Sale:
Allah ya mayar masa da alheri. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abba:
To ku ba mu wuri mu 'yan wasanni. Ni na ce babu irin da ya kai wasanni daɗi a kunne, saboda tun asali da kunne aka san shi, ai kafin talabijin a rediyo duniya take bin wasa. Na saurari wani a kan damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. Na kalli bidiyon ya fi sau goma, amma ban san komai ba sai da na saurara. Ban san an ɗage damben makonni ba saboda Foreman ya yanke a saman ido wurin atisaye. Ban san da misalin ƙarfe 4 na asuba aka fara ba don ya dace da masu kallo a Amurka. Foreman yana 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cinsa ba, Ali yana 32 ana cewa ya ƙare. Ya jingina da igiya ya bar Foreman yana ta zuba duka har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na 8 ya kai shi ƙasa. Bidiyo minti nawa ne? Littafin kuwa ya kai ni cikin sansanin, na zauna da tsoron da mutanen Ali suke ji. Kuma na fi so ɗan wasa ya karanta tarihin rayuwarsa da kansa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Barista Kabiru:
Ta fi daɗi Abba, amma daɗi daban, gaskiya daban. Lance Armstrong ya ci tseren keke na Faransa sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga cutar daji. Shekaru yana musanta shan ƙwayoyin ƙara kuzari, da kakkausar murya, har yana maka masu zarginsa a kotu. A 2012 aka ƙwace duka bakwai ɗin, a 2013 ya amsa da bakinsa. Wanda ya ji labarinsa daga bakinsa kafin nan ya fita da hawaye da ƙarya. Sannan da yawan littattafan 'yan wasa wani ne yake zama da su ya rubuta. Ni na fi amincewa da ɗan jaridar da ya ji ta bakin kowane ɓangare.

Abba:
Na yarda da na Armstrong. Amma akwai abin da ɗan jarida ba zai ba ka ba. Idan mutum yana karanta labarin ranar da rauni ya kashe masa wasa, ka ji muryarsa ta karye ya yi shiru, wannan ba a rubuta shi.

Dakta Umaima:
Shi ne dai abin da nake faɗa tun ɗazu Abba, ta wani gefen. Abin da ya sa ka so shi, shi ne yake sa ka sauke garkuwa.

Nafisa:
Tambaya a gefe: da wane sauri kuke saurare? Ni ninki ɗaya da rabi.

Abba:
Ninki biyu.

Hajiya Rabi:
Ninki biyu! Abba, wa yake binka? Mai karatu yakan yi wajen kalma 150 a minti, kuma inda ya dakata ba don ya gaji ba ne, wurin da aka bar maka ne ka haɗiye. In ka matse shirun nan ka zubar da rabin aikinsa.

Abba:
Mama, labarin kakar wasan da na riga na san sakamakonta ne. Amma zan gwada saukowa a na tarihi.

Mus'ab:
Ni abin da yake sa in ajiye littafi shi ne lalata sunaye. Na saurari wani a kan tarihin ilimin gani da haske, babi guda a kan Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, wanda ya tabbatar haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ne yake fitar da haske ba. Babin ya yi kyau, amma mai karatun ya furta sunan ta hanya uku daban-daban, ko ɗaya ba daidai ba. Wanda bai san sunan ba tun farko, me zai rubuta in yana son ya nema? Wannan ma wata asara ce ta kunne: ka ji suna amma ba ka san yadda ake rubuta shi ba. Na muryar na'ura da suka fara yawa yanzu kuwa, suna karanta adadin waɗanda suka mutu da sautin da za su karanta sakamakon ƙwallo.

Alhaji Sale:
Na gwada na na'urar sau ɗaya, barci ya sa ni. A hanya kuwa wannan ba abin wasa ba ne, na kashe.

Dakta Umaima:
Ga wani jan kunne ga masu neman na kyauta. A LibriVox, shafin intanet na littattafan sauraro da aka kafa a 2005, 'yan sa-kai ne suke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, aiki ne mai kyau. Amma ma'anar haka ita ce mafi yawansu sun kusa shekara ɗari ko sun haura. Littafin likitancin da aka rubuta kafin masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a 1928, ko na halitta kafin a gano siffar DNA a 1953, tarihi ne yanzu, ba kimiyyar yau ba. Haka na tarihin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, yawanci da idon masu mulkin aka rubuta su. A takarda tsufan littafi yana bayyana, a kunne kuwa murya sabuwa ce fil. Ku riƙa duba shekarar da aka rubuta, ba shekarar da aka naɗa ba. Ku duba kuma ko cikakke ne ko taƙaitacce, don in an tashi yankewa, inda marubuci ya yi taka-tsantsan ake fara zubarwa.

Kuma Malam Habibu, ka leƙa cikin manhajar. Littattafan tarihi da kimiyya da yawa suna zuwa da takardar PDF mai ɗauke da taswira da hotuna, mutane ne ba sa lura.

Malam Habibu:
Dakta, Allah ya saka da alheri. Na duba, tana nan, shafi 6, tun ranar da na sauke littafin. Yanzu muka gama kallonta ni da yaron.

Hajiya Rabi:
To ni da ba zan gan ta ba fa? Malam, zana min ita da baki.

Malam Habibu:
To Hajiya, bismillah. Ki shimfiɗa hannunki na dama a kan cinya, tafin a ƙasa, yatsu a haɗe suna duban gabas. Hannun nan shi ne birnin. Wuyan hannunki shi ne yamma, nan kaɗai ne tudu, nan manyan ganuwowi suke, nan kuma Sarki ya girke igwoyinsa. Gefen ƙaramin yatsa kudu ke nan, tekun Marmara. Yanzu ki ɗan ware babban yatsa. Ratar da ke tsakaninsa da manuniya ita ce mashigin ruwan, siriri ne mai tsawo, ya shigo cikin ƙasa ta arewacin birnin, kuma ganuwar da ke wannan gefen ba ta kai ta yamma ƙarfi ba. Babban yatsan shi ne tsallaken mashigin, a kansa akwai wani gari mai ganuwa da ake kira Galata, na 'yan kasuwar Genoa. Sarƙar daga birnin aka ja ta zuwa Galata, ta rufe bakin ratar. Jiragen Sarki suna waje, a ruwan Bosforus, bayan babban yatsa. Tun da bakin a rufe yake, sai ya haura da su ta kan yatsan, ta bayan Galata, suka hau tudu suka gangaro cikin ratar. Ranar 22 ga Afrilu mutanen birnin suka ga jiragen abokan gaba a cikin mashigin, sarƙarsu kuwa tana nan ba wanda ya taɓa ta. Dole suka ɗebe mayaƙa daga ganuwar yamma, inda da ma ba su da isassu, suka kawo wannan gefen.

Hajiya Rabi:
Tsaya, kada ka yi sauri, hannuna yana kan cinya. Wato su na Galata ta bayan gidansu aka wuce da jirage 70. Suna ina, ba su kai wa birnin labari ba?

Malam Habibu:
Sun ce su 'yan ba-ruwanmu ne, suna ciniki da kowane ɓangare. Akwai babi guda a kansu, babi na 9 in ban manta ba. Bari in koma in sake saurarensa da taswirar a gabana, gobe in sha Allah in kawo miki.